Muryar Wa Ake Ji a Cocin Katolika?

Ranar Alhamis 8 ga Mayun 2025, bayan la'asar, muna zaune a fada ƙarƙashin dogon yaro a unguwarmu nan Yamai, ana jiran shayi na biyu, sai wani yaro ya ɗaga wayarsa ya ce farin hayaƙi ya tashi a Roma, alamar an zaɓi sabon Paparoma. Ni kaɗai ne Kirista a wannan fada, don haka duk ido ya dawo kaina. Maƙwabcina, wani dattijo mai shagon kayan gini wanda muka shekara goma sha muna gaisawa ta kan katanga, ya ce, "To Malam, kai wa ka zaɓa?" Na ce, "Alhaji, mu ba ma zaɓe. Kadinal 133 ne suka shiga ɗaki aka kulle." Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ku nawa ne a duniya?" Na ce mun haura biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu. Ya ce, "To in shugaban ya karkace, ta ina kuke faɗa masa?"

Tun ranar nake juya wannan tambaya. Ita ce gindin duk muhawarar da ake yi kan shugabanci da gyara a ɗariƙar Katolika, kuma amsarta ba gajera ba ce.

A tsarin coci, iko daga sama yake gangarowa. Kadinal, wato manyan mashawartan Paparoma, waɗanda ba su kai shekara 80 ba, su ke zaɓen Paparoma. Shi kuma Paparoma ne ke naɗa bishop a kusan ko'ina cikin duniya. Idan kujera ta zama babu kowa, jakadan Vatican na yankin zai yi bincike a asirce, ya tambayi wasu limamai da wasu mabiya, ya aika sunaye uku Roma. Wanda aka naɗa zai riƙe dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, har ya cika shekara 75 ya miƙa takardar murabus. Shi ne ke tura limamai, waɗanda mu a Nijar muke kira momper, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma su ce fada. Ba wanda ke tambayar mutanen unguwa ko suna son limamin da aka aiko musu.

Amma dokar coci ba ta ce mabiya su rufe baki ba. Kundin dokokin da aka sabunta a 1983 ya faɗa a sashe na 212 cewa mabiya suna da 'yanci, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su bayyana wa shugabanni ra'ayinsu kan abin da ya shafi lafiyar coci. Sashe na 537 ya wajabta kwamitin kuɗi a kowane cocin unguwa. Akwai kuma majalisar shawara kan ayyukan coci, sai dai ita bishop ne ke ganin dama ya ce a kafa, kuma abin da ta faɗa shawara ce kawai. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Sarki yana da majalisa, Waziri da Galadima suna magana, amma hukunci na mai rawani ne. Sarkin kirki ba ya yanke magana sai ya saurara. Wanda ba na kirki ba kuma yana iya tara majalisa kullum, a yi ta zuba, ya tashi ya yi abin da ya riga ya ƙudurta. Rigimar gyara a coci, in an tace ta, a nan take: me zai hana sauraro ya zama na ganin ido?

Sau biyu a 'yan shekarun nan ra'ayin jama'a ya tanƙwara hukuncin Roma a bainar duniya, kuma labaran biyu ba darasi ɗaya suke koyarwa ba.

Na farko a maƙwabta ne. A ƙarshen 2012 aka naɗa Peter Okpaleke bishop na Ahiara, a jihar Imo ta Najeriya. Limamai da mabiya da yawa na ƙasar Mbaise, inda dayosis ɗin take, suka ce ba su yarda ba, don ba ɗan yankinsu ba ne, alhali suna da limamai ɗaruruwa da za a iya zaɓa daga ciki. Ko shiga babban cocin garin bai samu yi ba. A Yunin 2017 Paparoma Francis ya ba kowane limamin dayosis ɗin kwana 30 ya rubuto takardar biyayya da neman gafara, in ba haka ba a dakatar da shi. Takardu sun je, amma zukata ba su sauya ba. A Fabrairun 2018 Okpaleke ya yi murabus. Daga baya aka ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia, a 2022 kuma Francis ya ɗaga shi zuwa kadinal. Mutanen Ahiara sun samu abin da suke so, amma ni ban iya yi musu tafi ba. Suna da ƙorafi na gaskiya cewa ba a tuntuɓe su ba, sai dai sun naɗe shi cikin rigar "namu ne ko ba namu ba". Mu a Nijar da an bi wannan ma'auni da ba mu da coci. Faransawa ne suka riƙe Yamai shekara da shekaru, ɗan Burkina Faso, Ambroise Ouédraogo, shi ya buɗe kujerar Maraɗi a 2001, wanda ya gaje shi kuma, Ignatius Anipu, ɗan Ghana ne.

Na biyu a Chile. A 2015 aka naɗa Juan Barros bishop na Osorno, mutanen garin suka fito zanga-zanga har cikin coci ranar da aka ɗora shi, suna zarginsa da rufa wa wani limami mai lalata da yara asiri. Shekara uku Roma ba ta saurare su ba. Da Francis ya ziyarci ƙasar a Janairun 2018, da bakinsa ya ce ƙazafi ne. Bayan 'yan watanni, da masu binciken da ya tura suka dawo da rahoto, ya rubuta wasiƙa ya amsa cewa ya yi babban kuskure, ya nemi gafara. A watan Mayu bishop-bishop na ƙasar gaba ɗaya suka miƙa takardun murabus. A nan talakawa ne ke da gaskiya, Paparoma ne ya kuskure, kuma da sun yi shiru don ladabi da ɓarnar ta ci gaba.

Don haka idan wani ya ce mini "jama'a sun ce", sai na tambaya: wace jama'a, kuma me suka ce?

Yawancin alƙaluman da ake yaɗawa kan ra'ayin 'yan Katolika daga Amurka da Turai suke fitowa, domin a can ne ake da kuɗin yin ƙidayar jin ra'ayi. Binciken cibiyar Pew na 2024 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na 'yan Katolikan Amurka suna son a bar mata su zama limamai, waɗanda ke son a bar limamai su yi aure kuma sun ɗan fi haka. A Jamus, inda mabiya ke biyan harajin coci ta hannun gwamnati, sama da mutum 522,000 suka cire sunansu daga rajista a 2022 kaɗai. Wannan ma ƙuri'a ce, da ƙafa aka kaɗa ta. Shi ya sa bishop-bishop na Jamus da shugabannin mabiya suka yi shekaru, daga 2019 zuwa 2023, suna taron gyara da ya taɓo rabon iko, matsayin mata, rashin auren limamai da koyarwa kan jima'i, har Roma ta yi ta ja musu birki.

Sai dai yanzu ɗaya cikin kowane 'yan Katolika biyar a Afirka yake, sama da miliyan 280, kuma nan ne adadin ya fi saurin ƙaruwa. Wa ya taɓa zuwa Dogon Dutsi ko Makalondi da takardar tambayoyi? An ji nauyin Afirka ƙarara a ƙarshen 2023. Ranar 18 ga Disamba ofishin koyarwar bangaskiya na Vatican, ƙarƙashin Kadinal Víctor Fernández, ya fitar da sanarwar da ta ba limamai damar sa albarka ga mutane biyu da ke zaman da coci bai amince da shi ba, har da masu jinsi ɗaya, da sharaɗin kada a yi shi da kamannin ɗaurin aure. Ranar 11 ga Janairun 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, a madadin ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka da Madagaskar, ya sanar cewa ba za a yi hakan a cocinan nahiyar ba, kuma sai da ya je Roma ya zauna da Paparoma kafin ya fitar da takardar. A Yamai na san yadda makonnin nan suka kasance. Saƙonni suka cika WhatsApp cewa Paparoma ya halatta auren jinsi, abin da ba haka ba ne, amma wa zai tsaya karanta shafuka da Faransanci? 'Yata ta dawo daga makaranta tana tambaya ko gaskiya ne abin da ƙawayenta ke faɗa. Wanda ya rubuta wannan sanarwa a Roma bai yi tunanin yarinya Kirista tilo a aji mai ɗalibai sittin ba, kuma da an tuntuɓi bishop-bishop namu tun farko da an rage mana wannan nauyi.

Duk da haka akwai abin da ke damuna a yadda muka yi murna da "Afirka ta ce a'a". Ana so a mai da mu masu gadin ƙofa, a ce Turai na neman gyara, Afirka ba ta so. Wannan ba gaskiya ba ne. Muna son gyara ƙwarai. Namu ne ba ya shiga jarida.

Na ga haka da idona lokacin babban taron sauraro da Francis ya buɗe a Oktoban 2021, wanda aka kira sinod. An ce a fara daga ƙasa, kowace dayosis ta tara ra'ayin mutanenta, a haɗa na ƙasa, a haɗa na nahiya (na Afirka an yi shi a Addis Ababa a Maris 2023), sannan a zauna Roma sau biyu, Oktoban 2023 da Oktoban 2024. Mu a ƙaramin taronmu na unguwa, a tsakar gidan wani tsohon malamin makaranta muka zauna, kan tabarmi da benci biyu, mu wajen ashirin. Akwai Bahaushe, Bazabarme, Bagurmance, da 'yan Benin da Togo da aka haifa nan. Ni aka ba biro da littafi. Ba wanda ya ambaci limancin mata ko auren limamai. Wata tsohuwa da ke share coci tun kafin a haife ni ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ɗana, rubuta wannan. Mu ke shara, mu ke dafa abincin biki, mu ke cika kwandon baiko. Ranar da za a yanke yadda za a kashe kuɗin, sai a ce maza su tsaya bayan addu'a." Na ce, "Na rubuta, Inna." Ta ce, "Karanta mini in ji." Sai da na karanta mata kalma bayan kalma ta yarda.

Wani ya kawo zancen katikis, masu koyar da addini a ƙauyuka. Dayosis ta Maraɗi ita ke riƙe da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, ƙasa mai faɗin da mota ke kwana a hanya, limamai kuma 'yan kaɗan. A wurare da yawa katikis ne ke jan addu'ar Lahadi, ya shirya masu baftisma, ya binne matattu, ya sasanta ma'aurata. Abin da ake ba shi ba ya sayen buhun hatsi, in ya tsufa kuma ba shi da madogara. Wani kuma ya ce huɗubar Faransanci ta yi yawa alhali rabin masu zama a benci ba sa jin ta, shekara kusan sittin bayan babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin ibada da harshen mutane. Sai wani magidanci, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya kawo maganar mahaifinsa mai mata biyu da ya yi shekaru yana zuwa coci amma ba a yi masa baftisma ba, don an ce sai ya zaɓi ɗaya. Ya ce, "Wacce zai kora? Uwata ko wadda ta goye ni?" Wurin ya yi tsit. Wannan tambaya ta kai Roma daga ƙasashen Afirka da dama, har aka ɗora wa bishop-bishop na nahiyar nazarin auren mace fiye da ɗaya, Ambongo kuma ya gabatar da bayanin inda aka kwana a zaman 2024.

Me ya fito daga sinod ɗin? Wanda ya sa ran za a sauya koyarwa ya tashi hannu rabbana. Limancin mata Paparoma John Paul na biyu ya rufe ƙofarsa tun 1994, Francis bai buɗe ba. Naɗa magidanta limamai a wuraren da ke da ƙarancinsu, wanda taron yankin Amazon ya nema a 2019, shi ma bai amsa ba. Batun ba mata muƙamin dikon, wato mataimakin limami, an bar shi a buɗe, kuma sakin layin da ya yi maganarsa shi ya fi shan ƙuri'ar ƙi a takardar ƙarshe, ƙuri'a 97. Amma a karon farko mata sun kaɗa ƙuri'a a irin wannan taro, su 54. Tun 2022 dokar Vatican ta ba wanda ba limami ba damar shugabantar ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun Vatican, a Janairun 2025 kuma Sista Simona Brambilla ta zama mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera. Abin da ya fi shafar mu kai tsaye yana cikin takardar 26 ga Oktoban 2024, wadda Francis ya amince da ita yadda take: a wajabta majalisun shawara, a riƙa fitar da rahoton kuɗi duk shekara, shugabanni su riƙa ba da bahasin aikinsu ga waɗanda suke shugabanta, ba ga na sama da su kaɗai ba. Wannan ita ce amsar Inna mai shara, in har an aiwatar.

A nan ne nake ganin wuyar aikin a wurinmu, kuma dalilinta daga tarihinmu yake. Ba mu kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba. A 1931 aka kafa mishan na farko a Yamai, sai 2013 muka samu bishop ɗan ƙasa na farko, Laurent Lompo, wanda ya zama babban bishop na Yamai a shekarar da ta biyo. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, abin da ba mu da hannu a ciki kuma ba mu yarda da shi ba. Ba zan manta ba, Musulmi maƙwabta ne suka ɓoye iyalai da yawa a ɗakunansu. A Satumban 2018 aka sace Pier Luigi Maccalli, limami ɗan Italiya, a ƙauyen Bomoanga, sai Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. Yau Kiristocin yankin Makalondi da yawa sun baro gonakinsu saboda 'yan bindiga. Al'ummar da ta ga irin wannan tana manne wa shugabanninta, kuma tana da hujja. Idan ka ɗaga murya kan lissafin kuɗi sai a ce kana tona asirin gida a gaban baƙi. Ga kuma tarbiyyarmu, yaro ba ya tambayar babba ina ya kai kuɗi.

Na fahimci wannan tsoro, ni ma ina da shi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na taɓa zama a kwamitin kuɗi na wani coci shekara biyu, sau ɗaya aka kira mu, shi ma don mu sa hannu a takardar da aka riga aka cika. Ban ce an ci ko dala ba, kuma har yau ban zargi kowa ba. Abin da na sani shi ne rashin bayani ya haifi tsegumi, tsegumi ya rage baiko, wasu iyalai kuma suka koma wata majami'a ba tare da sun yi sallama ba. A Roma kanta an gurfanar da kadinal, Angelo Becciu, gaban kotun Vatican kan badaƙalar kuɗi da ta haɗa da sayen wani gini a Landan, aka yanke masa hukunci a Disamban 2023, ya ɗaukaka ƙara. Idan ana iya tambayar kadinal lissafi, ban ga dalilin da tambayar kuɗin rufin coci za ta zama rashin kunya ba.

Haka batun cin zarafin yara. Sau da yawa na ji ana cewa wannan cutar Turawa ce. Kafin jaridar Boston Globe ta fasa ƙwai a 2002, mutanen can ma cewa suke ba a yi a wurinsu. Hukumar bincike mai zaman kanta a Faransa ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne limamai da masu zaman zuhudu na coci suka ci zarafinsu tun daga 1950. Abin da ya ba ɓarnar damar daɗewa shi ne girmama mai riga fiye da kima da tsoron abin kunya, kuma duka biyun muna da su a nan fiye da Faransa. Tun 2019 dokar Francis ta wajabta wa kowace dayosis ta samar da hanyar kai ƙara da kowa zai iya isa gare ta. Ya kamata kowace uwa a cocinmu ta san wa za ta samu da wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa, a faɗe shi da Hausa da Zabarmanci da Gurmanci daga kan bagade, ba a bar shi cikin takarda a ofis ba.

Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025. Wanda hayaƙin nan ya tashi dominsa, Robert Prevost, Leo na goma sha huɗu, haifaffen Chicago ne da ya yi shekaru yana aiki a Peru, ya riƙe dayosis ta Chiclayo, sannan ya shugabanci ofishin da ke tace sunayen waɗanda za a naɗa bishop. Ya san ciki da wajen yadda ake zaɓen shugabanni. A jawabinsa na farko ya ambaci cocin da ke tafiya tare, kuma jadawalin aiwatar da shawarwarin sinod, wanda zai kai ga babban taro a Roma a Oktoban 2028, yana nan bai soke ba. Masu son a koma tsohon tsari suna kallon shigarsa da natsuwarsa suna sa rai, masu son sauyi suna kallon tarihinsa su ma suna sa rai. Ni daga nan Yamai ma'aunina ƙarami ne. Littafin da na rubuta maganganun taronmu na miƙa shi, an haɗa da na wasu an aika. Har yau ba wanda ya dawo tsakar gidan nan ya ce mana ga abin da aka ɗauka, ga wanda aka bari, ga dalili.

Inna mai shara ta tare ni a ƙofar coci Lahadin da ta wuce, tsintsiya a hannunta. Ta ce, "Ɗana, maganata ta isa kuwa?" Na ce mata an aika. Ta ce, "To ka tambayo mini momper yaushe za a kira mu a karanta mana amsa." Na yi mata alkawarin zan tambaya a taron majalisa na wata mai zuwa, kuma zan nemi a liƙa lissafin baikon bara a allon sanarwa.